Ranar da Aka Tantance Jikata

"Baba, zauna mana, ka kusa cinye mana daɓe!" in ji sakatariyar cibiyar da ke tura ɗaliban jami'a karatu ƙasashen waje.

Ina na ga ta zama? Jikata na ciki ana tantance ta. Sai safa da marwa nake, ina jan carbi.

"Yarinya, ban yi boko ba, amma addu'ata ba ta faɗuwa ƙasa. Jirgin ruwa ya kife da mu, ni kaɗai na fito!"

Ƙofa ta buɗe, jikata ta faɗo jikina tana kuka.

"Kaka, ba su ɗauke ni ba."

Na rungume ta, na ɓoye murmushina a mayafinta. Ta wannan ƙofar ubanta ya tafi, har yau bai dawo ba.

Ai na faɗa muku, addu'ata ba ta faɗuwa ƙasa.