Tsohuwar Bishiyar Malam Fatihu

Funfuna ta cinye rabin lambun lemon Muntaka a Watari, magani kuma ya ƙi ci. Zuciyarsa ta tsaya a kan tsohuwar bishiyar lemon maƙwabcinsa, Malam Fatihu. Ita kaɗai ba a taɓa yi wa feshi ba, lallai ita ke yaɗo cutar. Da jama'a suka tafi masallacin Juma'a, ya sare ta, ya banka mata wuta.

Da la'asar sai ga Malam Fatihu yana sallama, bakinsa har kunne.

"Muntaka, lambunka ya tsira! Malaman gona sun auna tsohuwar bishiyata. Wai tana fitar da sinadarin da ke narkar da fatar funfuna. Taso mu yanko rassanta, a ɗaura su a jikin lemonka, a yi masa aure."