Minti Biyun Jatau

Tun da jiragen ruwa suka fara tuƙa kansu, doka ta hana mutum taɓa inji, ƙungiyar tsofaffin direbobi ta Yawuri ta koma majalisar shan shayi. Shugabanta, Alhaji Ɗantani, shi ya lallashi Baba Nomau ya yi wata uku yana karanta wa na'urar jirgi hanyar kogi zuwa Gaya: inda yashi yake, inda dorina ke kwana.

Sharaɗi ɗaya Nomau ya kafa. A Mashigin Tsamiya, inda ƙanensa Jatau ya nutse, 'yan ƙungiya kan kashe inji minti biyu su yi masa addu'a. Ya ce dole na'ura ma ta riƙa tsayawa a nan.

Ɗantani ya ce, "Ko bayan ranmu, jirgi zai tsaya."

Ranar Laraba Nomau ya shiga cikin fasinjoji, zai kai wa matar Jatau shinkafa. Ɗantani na gefensa. Jirgin yana gaida jama'a da muryar Nomau, har da ɗan tarin nan nasa.

Da tsamiyar ta bayyana, Nomau ya ɗaga hannuwa. Injin ko sassautawa bai yi ba.

"Alhaji, ya wuce fa."

"Yaya, fasinjoji ne suka dame mu da ƙorafi. Muka zauna, aka cire."

"Ku da wa?"

"Dukkanmu. Gudun ɓacin ranka ya sa ba mu kira ka ba."

Hannuwan Nomau na sama ya ji muryarsa daga bangon jirgin, tana faɗin abin da bakinsa bai taɓa faɗa ba: "Jama'a, hanya lafiya lau, nan babu abin tsayawa."

Sannan ta yi ɗan tarin.