Muryar Baba a Wayar Inna

A shagon askin da ke bakin titi babu mai kiransa da sunan yanka. Sabon Fita ake ce masa, don duk waƙar da ta fito da safe, kafin azahar ta iso wayarsa. Injin aski a hannu, abin sauraro a kunne. Wasu ma ba gashi ke kawo su shagon ba, waƙa suke zuwa karɓa. A gurup ɗin abokansa kuwa shi ke fara tura kowane sabon bidiyo, kuma da wannan yake tinƙaho.

Wata rana wayarsa ta suɓuce ta faɗa bokitin da yake wanke tawul. Mai gyara ya duba ya ce sai jibi. Ga shi a ranar ne za a saki bidiyon wata waƙa da aka daɗe ana jira, da ci gaban wani gajeren fim na barkwanci.

Abokin aikinsa ya yi dariya ya ce, "Yau dai Sabon Fita ya zama tsohon yayi. Ka zo in sam maka idan na samu."

Maganar ta sosa masa rai. Ya ajiye injin ya nufi gida.

Ya tarar da mahaifiyarsa a kan keken ɗinki tana gyaran wata riga.

"Inna, ara min wayarki, da yamma zan dawo da ita."

Ta zaro ta daga ƙarƙashin matashin kai. "Ka riƙe min ita da kyau. Akwai ajiyata a ciki."

Ya ce to, amma hankalinsa ya riga ya koma shago.

Da ya zo sauke bidiyon, wayar ta ce wuri ya cika. Ya shiga ma'ajiyarta, ya ga tarin sauti marasa suna, sai lambobi kawai. Bai saurari ko ɗaya ba. A ransa ya ce tarkacen gaisuwar mata ne. Ya zaɓe su duka, ya goge. Waƙa ta sauka, fim ya sauka, ya ƙara da wasu tunda wuri ya samu. Shi ya fara turawa. Abokai suka yi ta yaba masa, har wani ya rubuta cewa ko ba waya, sarki sarki ne.

Washegari da safe yana ɗaura takalmi sai ya ji kiɗa ya ɓarke daga ɗakin Inna. Ya leƙa. Tana zaune a bakin gado, ƙwayar magani a tafin hannunta, kofin ruwa a gefe.

"Zo ka kashe min wannan hayaniyar, ka nemo min babanku. Na danna inda na saba dannawa, ban same shi ba."

Bai gane ba, sai da yayarsa ta shigo ta karɓi wayar. Ta duba sama, ta duba ƙasa, sannan ta ɗago ta kalle shi.

"Ina saƙonnin Baba?"

Mahaifinsu direban babbar mota ne, ya rasu bara a hatsari, ko wayarsa ba a samu ba. Da yake Inna ba ta karatu, duk inda ya yada zango da murya yake aiko mata saƙo. A ɗaya daga ciki yana rera wata tsohuwar waƙa da muryarsa mai kaushi, tari ya katse shi, ya yi dariya, sannan ya ce, "Uwar yara, kin dai sha maganinki ko?" Tun rasuwarsa Inna ba ta haɗiye magani sai ta ji wannan tambayar.

Gida ɗaya suke kwana, amma Sabon Fita bai taɓa sani ba. Kullum kunnensa a toshe yake fita.

Da gudu ya kai wa mai gyara wayar. Mutumin ya jona ta da kwamfuta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai.

"Da gogewa kawai ka yi, da sai mu gwada. Amma ka ɗora sabo a kai, ya danne. Kamar allo ne, ka wanke ka sake rubutu."

Ya bi ƙannen Baba da abokan tuƙinsa ɗaya bayan ɗaya, ko wani na da muryarsa. Kowa ya ce ya canza waya. Duk wanda ya tambayi dalili, sai Sabon Fita ya sunkuyar da kai ya faɗa masa da bakinsa.

Inna ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Waƙar taka dai ta yi daɗi ko?" Ta mayar da wayar ƙarƙashin matashi, ba ta sake ciro ta ba.

Da wayarsa ta dawo daga gyara, ya tarar a gurup an daina zancen waƙar. Wata sabuwa ta fito.

Yanzu kowace safiya yakan tsaya a ƙofar ɗakinta da kofin ruwa, kunnensa babu komai. Ranar farko ya miƙa mata kofin ya tambaye ta.

"Inna, kin sha maganinki?"

Ta karɓi kofin ba ta kalle shi ba. Sai da ta haɗiye ta ce, "Shi sai ya yi dariya tukuna."

Jama'a, jin waƙa da tura wa abokai ba laifi ba ne. Amma wayar wani amana ce, kada ka goge abin da ba kai ka ajiye ba. Waƙar yayi gobe wata za ta fito, muryar wanda ya tafi kuwa ba ta da sabon fita.