Jan Fenti a Bangon Makaranta

Mujahida na hawowa tudun unguwar Nakkasa, a ƙasa mai tsarki, da safe tana haki, sai ta hangi mata sun yi cirko-cirko a ƙofar makaranta. Da ta matso ta ga abin da suke kallo. An rubuta wa bangon kalmar nan ta Larabci da jan fenti, wadda duk ɗan unguwa ya san ma'anarta ko bai taɓa shiga aji ba: rusau.

Makarantar ba wata babba ba ce. Kakan Mujahida ne ya kafa ta don 'ya'yan baƙar fata marasa iƙama, wato izinin zama a ƙasar, waɗanda ba su da takardar da za a ɗauke su a wani wuri. A nan ta yi karatu, a nan take koyarwa, kuma ƙanen mahaifinta, Baffa Rabe, shi ne shugaba. In aka rufe ta, 'yan matan ajinta sun gama karatu ke nan har abada.

A shekarar ne, bayan an sha zirga-zirga, gwamnatin wata jiha a gida Najeriya ta ware wa makarantar tallafi. Murnar ba ta je ko'ina ba. Kuɗin na hannun ofishin da ke kula da tallafin, kuma da sharaɗi: gyaran gini kawai. A yi fenti, a gyara rufi, a sa famfo, amma ban da albashi, ban da haya. Alhali bangon nan ya fi malaman ƙoshin lafiya, don sun manta rabonsu da albashi.

Baffa ya roƙi jami'in tallafin, wani Mukhtaru, har muryarsa ta dushe. Mukhtaru mutum ne mai ladabi, irin wanda zai hana ka abu yana tambayar lafiyar iyali. Iyakar abin da ya ce shi ne, ba a karkatar da kuɗin gini sai in ginin kansa ya shiga halin da ya fi ƙarfin gyara.

To, ga halin ya zo. Kafin a tashi tara Baffa ya ɗauki hoton bangon ya tura wa Mukhtaru. Ya tara malamai ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, wataƙila da alheri a ciki. Yanzu dole a bar su su kama haya a unguwar Utaibiyya, abin da ya rage a biya kowa albashinsa. Mujahida ta ji tausayinsa, ta kuma jinjina masa. Tsoho da ciwon gwiwa, ga shi duk ya fi su dakewa.

Amsar Mukhtaru ta zo da gaisuwa mai tsawo. Ya ce ya kai maganar gaba, na sama sun duba ƙa'ida. Tallafin na gyara ne, ginin da za a rushe kuwa ba a gyara shi. Don haka an mayar da kuɗin asusun gwamnati, an rufe batun.

Daga nan komai ya fara zubewa. Iyaye suka riƙa janye yara, don ba mai son a rushe gini ɗansa na ciki. Wasu ma suka tattara kayansu suka bar unguwar tun kafin a kore su. Ustaz Isa, da ke koyar da lissafi, ya koma dako a kasuwar Zahir. Gidajen maƙwabta dai ba a rubuta musu komai ba tukuna, mutane suka ce ai da ginin da ya fi girma a layi ake farawa.

Mujahida ta matsa wa Baffa su je baladiyya, hukumar gari, su roƙi ko jinkiri ne. Ya ce gwiwarsa. Ta sake magana, ya ce ba amfani. Ya daina cin abinci sosai, ya rame, kullum yana zaune a ajin da ba kowa. Abin ya dame ta ƙwarai, har ta fara jin haushin yadda ya sallama da wuri.

Ranar da ɗaliba ta ƙarshe ta zo yi mata sallama, Mujahida ta yi ta maza ta tafi baladiyya ita kaɗai. Ta sha jira. Ma'aikacin ya buɗe taswira a kwamfuta, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce layinsu ba ya cikin aikin rusau, ba a kuma taɓa tura kowa can ba.

Ba ta san yadda ta hau tudun ba. Ta san kuɗin sun tafi, yaran sun watse, amma ko ba komai tsohon zai samu sauƙi a ransa. Ta same shi inda ta bar shi.

"Baffa, ba za a rushe ba. Ba su suka rubuta ba."

Bai ɗago kai ba. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Na ɗauka in suka gani za su bar ni in biya malamai, 'yar nan," ya ce. "Ni na rubuta."