Tabon da Ke Ciyawar Neville

Tabo na farko ranar wata Laraba ya fito, kusa da akwatin wasiƙu. Faɗinsa kamar faranti, tsakiya ta ƙone ta yi ruwan ɗorawa, bakin kewayen kuma kore shar. Neville Brannigan ya durƙusa, ya shafa wurin, ya miƙe yana huci. Ba sai an faɗa masa ba, fitsarin kare ne.

Shekara tara ke nan da ya bar aikin jirgin ƙasa, duk kuwa a kan ciyawar ƙofar gidan nan ya ƙarar da su. Sau huɗu tana zuwa ta ɗaya a gasar lambunan Toowoomba. Ko mai kawo wasiƙa ya san ba a taka ta. Ga shi saura mako bakwai alƙalan gasa su zagayo.

"Glenys! Fito ki ga abin da aka yi mini!"

Matarsa ta taso daga wajen furanninta, hannu duk ƙasa. Ta daɗe tana kallon tabon. "Kayya," ta ce. "Sai haƙuri, Nev. Shayinka na hucewa."

Haƙuri kuwa ba ya cikin kayan Neville. Ya kwarara wa wurin ruwa, ya kankare matacciyar ciyawar, ya zuba sabon iri. Kafin mako ya zagayo tabo ya zama huɗu.

Kare ɗaya ne a kusa: Pippa, tsohuwar karyar maƙwabcinsa Vince Caruana, wanda tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira sai ita. Neville ya tare shi a bakin shinge.

"Vince, ka ɗaure karyar nan, ko kuwa in sa a ɗaure ku ku biyun."

"Wannan? Da ƙyar take kai ƙofa. Dattijo, je ka a duba maka kai."

"Fitsarin mace ne ke ƙona ciyawa haka. Na karanta."

"Sannu, malamin fitsari! Kai da karen matarka ma ka kasa tsarewa har ya ɓata, yau kai za ka koya mini riƙon kare?"

Neville ya juya gida, maganar na cinsa.

Ya ɗauki hotunan tabon ya kai ƙara hukumar gari, ya sake kaiwa, har aka aiko wa Vince takardar gargaɗi. Bai ishe shi ba. Ya sayo garin barkono ya barbaɗe gefen hanya tun daga ƙofarsa har ƙofar Vince. Pippa ta fito tana sunsune-sunsunenta, ta koma tana kuka, ido a kumbure. Bayan kwana uku 'yar Vince ta zo daga Dalby ta sa ta a mota ta tafi da ita. Vince ya tsaya a titi riƙe da igiyar karyar har motar ta sha kwana.

Ranar nan Neville ya ci abinci har da ƙari. "An kashe bakin tsanya," ya ce.

Glenys ta ƙara masa dankali. A gajiye take. Talata da Alhamis takan je taimako gidan da ake ajiye karnukan da masu su suka yar, kuma tun farkon shekara suka ɗora mata aikin tsara tsofaffin takardunsu.

Ranar Litinin sababbin tabo biyu suka bayyana.

Neville ya sa aka kewaye ciyawar da waya. Ya kafa kyamara tana fuskantar titi. Kullum in ya dawo daga kulob ɗin 'yan ritaya sai ya zauna ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya: motar kwasar shara, tsuntsaye, wata mata mai gudun motsa jiki. Babu kare ko ɗaya. Tabon kuwa sai yaɗuwa yake kamar makero. Neville ya rame, ya daina aski, duk wanda ya gifta da kare sai ya bi shi da zagi. Mutanen layin suka koma tsallaka titi in sun hango shi.

Da alƙalan gasa suka zo, ba su yi minti biyar ba. Wata a cikinsu ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Allah ya kai mu baɗi."

Baɗin da bai jira ba ke nan. Washegari ya kira masu injin haƙa, ya tsaya yana kallo suka nannaɗe ciyawar shekara tara suka loda a mota, suka malala siminti a wurin. "To, kowane ɗan banzan kare ya zo ya yi," ya ce.

Ranar Alhamis Glenys na shirin fita ta ce, "Tunda za ka kyautar da injin yankan ciyawa, galan ɗin mansa na ɗakin kayan lambuna. Ka duba bayan ƙofa."

Bai taɓa shiga ɗakin ba. Bayan ƙofar babu galan. Abin da ya tarar buhun takin yuriya ne, an ci rabinsa, da cokali a tsaye a ciki. Duk mai ciyawa ya san abin da cokali ɗaya na yuriya ke yi in aka tara shi wuri guda: ƙona wurin yake, tamkar fitsarin kare.

A jikin buhun an maƙala wata takarda da allurar Glenys. Ta gidan karnukan ce, mai kwanan watan shekara shida baya, ranar da ya ce mata karenta Rusty ya fice ta ƙofa bai dawo ba. A layin dalili an rubuta "yana ɓata mini ciyawa", a gefe an buga hatimin cewa an kashe shi bayan kwana takwas, a ƙasa kuma ga sa hannun Neville Brannigan.