Ƙwayar da Ta Gagari Dakta

"Baba, a nan kake tono su?" in ji Dakta, tana durƙushe a gindin bishiya da kwalaben gwaji.

Shekara uku ke nan tana binciken ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa cikin wani irin tsiron naman kaza mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda tsohon nan ya kawo mata, sai ta tarar da wata baƙuwar ƙwaya da babu ita a na sauran masu tono. Ta auna ƙasar, ta auna ruwan sama, har saiwar bishiyar ta yanka, shiru. Ga shi jibi za ta tsaya gaban manyan malamai ta faɗi dalili.

Tsohon ya caka sanda, ya ciro guda ɗaya duk laka. Ya tofa masa yawu sau biyu, ya murza a rigarsa har ya yi sheƙi.

"Baba! Me ka yi haka?"

"Haba 'yata, in kai wa mai ilimi kamarki abu da datti? Ai kullum sai na gyara miki."

Dakta ta zauna daɓas. Can ta zaro tsinken auduga.

"Baba, buɗe bakinka."