Littafin da Auta Ke Karanta wa Mama

Wayar na shigowa Maman Auta ta ɗauke ƙafarta daga kan keken ɗinki. Malamar ajin 'yarta ce, kuma ba ta tsaya wani zagaye-zagaye ba. Auta ba za ta shiga aji huɗu bana ba, za ta maimaita aji uku, domin har yanzu ba ta iya karatu ba.

"Wace Autar? Tawa?" in ji Maman Auta. "To Malama, ki jira ni gobe."

Ta ajiye wayar. Wai Auta ce ba ta iya karatu ba! Yarinyar da kullum in ta dawo ko kayan makaranta ba ta cirewa, sai ta jawo 'yar kujerarta gefen keke, ta buɗe littafin nan marar bango da ta tsinto a cikin kayan babanta, ta ɗora yatsa ta hau karantawa? Shekara guda ke nan suna kan labarin wata yarinya da akuyarta mai ƙafa uku, waɗanda suka tafi neman baban yarinyar a bayan duwatsu. Sau nawa ɗinki ya karkace wa Maman Auta saboda dariya? Ranar da akuyar ta faɗa kogi kuwa har hawaye ta yi, ta ce a sake mata wurin. Auta ta sake, ya ma fi na farko daɗi.

Baban Auta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana a gida ba. Da ta kira shi, ce mata ya yi ta bi a hankali, malamai sun san aikinsu. Maƙwabciya ma ta leƙo ta ce maimaita aji ai ba mutuwa ba ne. Duk ta watsar da su. Ita fa ba a kawo mata raini. Mace ce da ba ta taɓa rubuta awon kowa ba, kallo ɗaya take yi wa mutum ta ajiye faɗin kafaɗarsa a ka, kuma ba a taɓa dawo mata da riga ba. Abin da kunnenta ya ji, babu mai ce mata bai faru ba.

Auta kuwa ranar ba ta taɓa littafin ba, abinci ma wasa kawai ta yi da shi.

"Mama, ki bar shi kawai, zan maimaita."

"Ki maimaita me? Ƙawayenki su wuce su bar ki da ƙannensu? Ba dai a gidan nan ba!"

Da safe ta lulluɓe keken, ta sa kayan fitarta, ta jefa littafin a jaka, ta ja hannun Auta. Tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta yarinyar na jan ƙafa, uwar na jan ta.

A ofishin malamai fanka na ta ƙara a sama, littattafan yara sun yi tsibi a kan tebura. Malama ta miƙe ta gaishe ta da ladabi, ta nuna mata kujera. Maman Auta ta ce tsayuwar ma ta ishe ta.

"Maman Auta, sau uku fa ina aiko miki da takarda a kan maganar nan."

"Duk sun iso, Auta ta karanta min su. Ba abin da ke cikinsu sai yabo."

Malama ta dubi Auta. Auta ta dubi takalminta.

"Ni ba gardama ta kawo ni ba," in ji Maman Auta, ta zaro littafin ta dangwarar a kan tebur. "Ga yarinya, ga littafi. Auta, karanta mata inda muka tsaya."

Yarinyar ta matso gaban teburin. Can ta ɗago kai, ta haɗe gira kamar yadda uwarta ke yi, ta buɗe tsakiyar littafin ta ɗora yatsa. Ta hau karantawa. Yarinya da akuya sun iso wata ƙatuwar ƙofa, mai gadi ya ce ba a shiga da dabba. Yarinyar ta ce wannan ba dabba ba ce, abokiyar tafiya ce, in ba za a bar su tare ba to a nan za su zauna har baba ya fito da kansa. Malamai biyu da ke duba aikin yara suka ajiye biro suna sauraro. Maman Auta ta kama ƙugu, zuciyarta fal da alfahari.

"To fa!" ta ce, da Auta ta yi shiru. "Wannan ce ba ta iya karatu ba? A faɗa min a gabana in ji."

Malama ta miƙa hannu. Ta jawo littafin a hankali, ta duba shafin, ta juya na gaba, ta dawo. Idanunta sun cika da ƙwalla. Auta ta ruga ta cusa fuskarta a zanin uwarta, ta ƙanƙame ta.

Sai Malama ta ɗora yatsa daidai inda yatsan Auta ya tashi, ta karanta da murya ƙasa-ƙasa: "Dokokin ƙungiyar direbobi, sashe na shida. Duk direban da ya yi lodi ba a kan layinsa ba, za a dakatar da shi kwana uku."

Shekara guda cur, 'yar da ba ta iya karatu ba tana karanta wa uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba.